Wanda Ya Sha Ruwan Gari, Ya Biya Harajin Gari

Jama'a, a wannan mako ina so mu duba wani sabon cin rani da ya ɓullo a duniya, gama akwai maganar adalci a cikinsa. Da can mai cin rani ya kan bar garinsu ne domin aikin yana wani gari. Yanzu kuwa akwai waɗanda aikinsu duka yana cikin kwamfuta. Sai ka ga mutum zaune a bakin teku a Fotugal, kamfaninsa yana Landan, albashinsa yana shiga banki a Ingila, ba abin da ya haɗa su sai intanet. Tun da cutar korona ta rufe ofisoshi a 2020 irin mutanen nan suka yawaita. Duk inda suka sauka, tambaya biyu na biye da su: wa ya ba su izinin aiki, wa kuma za su biya haraji?

Mu fara da izini. A yawancin ƙasashe bizar baƙo mai yawon buɗe ido ba ta yarda ya yi aiki ba. Sa'ad da aka rubuta dokokin nan ba wanda ya zaci mutum zai iya yi wa kamfanin Jamus aiki daga ɗakin otal a Meziko. Saboda haka da yawa suka riƙa shiga da sunan yawo suna aikinsu a ɓoye, hukuma kuwa ta kau da kai. Daga baya waɗansu ƙasashe suka ga gara a fito fili. A 2020 tsibirin Barbados ya fitar da takardar zama ta wata 12 a kan dala 2,000, da sharaɗin mutum yana samun dala 50,000 a shekara. Istoniya ta fitar da tata a shekarar, Kuroshiya ta biyo a 2021. Fotugal ta buɗe tata ƙofa a Oktoba 2022, ta ce sai mai samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, watau yuro 2,820 a wata a lokacin.

Wannan ban ƙi shi ba, doka bayyananna ta fi kau da kai. Sai dai mai karatu ya lura, ƙofar nan ta mai ƙwaurin albashi ce. Lebura da ya zo neman aiki da ƙarfin damtsensa ba shi da rabo a cikinta.

To, ga inda gizo ke saƙar, maganar haraji. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce, kadan mutum ya kwana 183 a ƙasa cikin shekara, ya zama mazauninta, harajin abin da ya samu ya hau kansa a can. Akwai kuma yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe domin kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Watau hanya tana nan a shimfiɗe. Amma don kwaɗayin jawo baƙi sai waɗansu suka kauce mata. Barbados da Kuroshiya suka yafe wa masu takardar nan harajin albashinsu na waje ɗungum. Fotugal kuwa a 2009 ta fito da wani tsari wanda baƙo mai sana'a ta musamman zai biya kashi 20 cikin 100 kaɗai har shekara goma, alhali harajin ɗan ƙasa ya kan hau har kashi 48. Akwai kuma masu wayo, su fita daga rajistar haraji ta ƙasarsu, su yi wata biyar nan, wata biyar can, kafin kwana 183 su cika sun ɗaure kaya. Ba gida, ba dawa.

Abin dariya, sunan da Turawa suka laƙaba musu ma'anarsa makiyaya. Makiyayi na gaske a ƙasar nan ya sha biyan jangali a kan kowace saniya, ba makaranta, ba asibiti, har gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke shi a 1979. Waɗannan makiyaya na kwamfuta kuwa ga hanya mai kwalta, ga fitila, ga 'yan sanda na tsaronsu, duk da kuɗin malamin makaranta da na direban bas aka yi su, su kuwa an ce an yafe musu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai suna kawo kuɗi, suna kama haya, suna sayen abinci, suna biyan harajin kayan saye, ba su kuma ƙwace aikin kowa ba. Gaskiya ne, ba na musu. Amma a aljihun wa kuɗin ke sauka? Mai gida ya ga wanda zai biya ninki biyu, sai ya ba ɗan gari notis. Ban ce su kaɗai suka ta da kuɗin haya ba, akwai ƙarancin gini, akwai gidajen da aka mai da masaukin 'yan yawo, amma sun ƙara wa wutar itace. A 2023 dubban mutane suka yi zanga-zanga a Lisbon a kan tsadar gidaje, a Oktoban shekarar kuma Firayim Minista António Costa ya ba da sanarwar rufe tsarin nan na 2009, aka daina karɓar sababbin shiga daga 2024, sai wani ƙarami da ya maye gurbinsa. A Yuli 2025 mutanen birnin Meziko su ma suka fito a kan wannan kuka.

Shawarata uku ce. Na ɗaya, a ba baƙo takardar izini a fili, kada a bar shi yana aiki kamar ɓarawo. Na biyu, kadan ya kai kwana 183, ya biya haraji daidai da ɗan ƙasa mai albashi irin nasa, ba ragi. Na uku, ƙasashe su daidaita tsakaninsu, kada a tatse shi sau biyu, kada kuma ya sulale bai biya ko'ina ba.

Kada wani ya ce wannan maganar Turai ce. Shugaban Kenya William Ruto ya ba da sanarwar irin takardar nan a Oktoba 2024. A nan Nijeriya kuwa dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairu 2026, ta ɗora wa mazaunin ƙasa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, ban da naira 800,000 na farko a shekara. Ashe ke nan saurayin da ke zaune a Kano yana yi wa kamfanin Amurka aiki zai biya. Ran da aka kawo shawarar buɗe wa baƙi irin ƙofar nan, kada mu yarda a yafe wa baƙo abin da aka karɓa a hannun ɗan gida. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.