An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tun da aka buɗe sinimar Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, a 1951, mutanen cikin birni suka iya kallo da lura. Har yau samarinmu, ko a waya suke kallo, in ɗan wasa ya shiga zaure da jar hula ya fito da fara, nan take sai a yi masa ca. Madalla. Muna so a kai wannan ido kan finafinan yaƙin Hitila waɗanda Turawa ke taƙama da su.

Ga The Bridge on the River Kwai na 1957. Masu lura sun kama an rubuta sunan babban ɗan wasan, Alec Guinness, da "n" guda. Sun gane a tsibirin Silon aka ɗauki gadar, alhali ta gaskiya tana ƙasar Tailan. Sun kuma san jiragen sama ne suka yi mata ruwan bom a 1945, ba nakiya aka dasa mata ba.

Ga kuma Objective, Burma! na 1945. A Kalifoniya aka shirya shi, ya nuna kamar Amurkawa ne suka ci yaƙin Bama. Ingilishi suka yi ta kururuwa har aka janye shi daga Landan bayan mako guda, bai komo ba sai 1952.

To, jama'a, mu fa? Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'ya'yan talakawan Arewa suka yi yawa a cikinsu, su suka ratsa kwarin Kaladan, suka ci garin Myohaung cikin Janairu 1945. Su ne 'Yan Bama, kakanninmu. Wannan fim bai san da su ba, kuma ba domin su aka janye shi ba. Wanda ya tsaya ƙirga harafi ya bar wannan, ai ya bar jaki yana dukan taiki.

Saboda haka muna kira ga duk gidan da ke da hoto ko lambar yabo ta wani ɗan Bama, daga Yakasai har Gwale, a adana, a rubuta labarin da tsofaffi suka ji daga bakinsu. Masu shirya fim na Kano kuwa, ga aiki ya same ku. In mun yi sake, babu baƙon da zai gyara mana. Allah ya sa mu gane.