Fim ɗin da Ka Haddace, Me Zai Sa Ka Sake Biyan Kuɗin Kallonsa?

A birnin Mumbai na ƙasar Indiya akwai wani gidan silima mai allo ɗaya, sunansa Maratha Mandir. Tun watan Oktoba na 1995 yake haska fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol, kullum da hantsi, in ban da lokacin kullen korona. A 2015 masu gidan suka ce za su daina, jama'a suka yi musu ca, dole aka dawo da shi.

A Los Angeles ta Amurka kuma akwai wani ɗan ƙaramin gida, New Beverly, mallakar darakta Quentin Tarantino. Tsofaffin fina-finai ne akasarin abin da ake nunawa, da majigi irin na da, sau da yawa fim biyu da tikiti ɗaya. Tun 2014 shi ke jagorantar zaɓen abin da za a haska.

To, fina-finan nan galibi suna cikin waya. Me mutane ke zuwa nema?

A ganina abu biyu ne. Na farko, kallo cikin jama'a. Dariyar mutum ɗari daban take da murmushin mutum ɗaya a kan katifa. Na biyu, a irin waɗannan gidaje mutum ne yake zaɓar fim, kuma in zaɓen bai yi ba, ka san wanda za ka tara da ƙorafi. Manhajar waya kuwa abin da zai hana ka ajiye ta kawai take turo maka.

Mu ma abin ba baƙo ba ne. Dattawan Kano da suka san Plaza da Orion da Eldorado za su gaya maka yadda aka yi ta maimaita Mother India, fim ɗin 1957, shekara da shekaru, har waɗanda ba sa jin Indiyanci suka san abin da jaruma za ta faɗa kafin ta buɗe baki.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya. Silima ta yi ƙaurin suna a wurinmu: fitar dare, shaye-shaye, tarkacen abokai. Da yawanmu mun sha bulala a kanta. Amma mu duba inda muka koma. Da, yaro sai ya haura katanga kafin ya ga fim. Yau yana cikin bargo, ɗaki ɗaya da mahaifiyarsa, ba ta san me yake kallo ba. An gudu ba a tsira ba.

Ga kuma wata asarar. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya ɓata. Da aka gano shi aka gyara, a bikin fina-finai na Balin ta Jamus aka haska shi a 2018. 'Ya'yanmu nawa suka taɓa ganinsa? Haka tsofaffin fina-finan Hausa na zamanin kaset suke ruɓewa a kwalaye, don ba wurin da ke nemansu.

Ba sai an gina katafaren gida ba. Ɗakin taron makaranta ya isa, sau ɗaya a wata, da rana tsaka, da izinin masu fim da na hukuma, iyaye mata da yara a gaba, wani dattijo ya yi ɗan bayani kafin a fara. In hakan ya yi nisa, a fara daga falo: ranar Asabar a kife wayoyi, uba ko uwa su zaɓi fim ɗaya na zamaninsu, a kalla tare, a yi musu a kansa wajen cin tuwo.

Ni da Shaihu Umar zan fara in na samu. Ku fa, wane fim za ku so ku zauna ku kalla da 'ya'yanku?