BAƘON DA BAI YI SALLAMA BA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai wani yayi da ya taso daga Amurka da Turai, yau ga shi a sababbin gidajen masu hali a Abuja da Kano. Tun gini bai kai ga yaɓe ba ake binne bututun roba a bango a zura wayoyi, a kafa lasifika cikin silin a shafe ta da fenti, a ɓoye talabijin bayan madubi ko cikin kabad, majigi kuwa sai an danna maɓalli ya sauko. Suna cewa wai tsafta ce, ba a son ganin waya tana reto. To, mun ji.

Lasifika ita kaɗai ba ta jin kowa, magana kawai take fitarwa. Amma masu wannan sana'a sukan haɗa ta da na'urar da ake ba umarni da baki, mai ɗauke da makirfo, wadda ke jone da intanet dare da rana. Ashe ba mu ji abin da ya faru ba? A 2015 aka bankaɗo gargaɗin kamfanin Samsung cewa maganar da aka yi kusa da talabijin ɗinsa mai karɓar umarnin murya tana iya kaiwa ga wani kamfani dabam. A 2017 kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka, domin ya tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. A 2019 kuma ta bayyana cewa ma'aikatan Amazon da Google da Apple suna sauraren wasu muryoyin da na'urorinsu suka naɗa, har Apple ya nemi afuwa.

Subhanallahi! Kakanninmu sun gina zaure domin baƙo ya tsaya nan. Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, har yaran gida ta sa musu lokuta uku na neman izini. Mu kuwa mun biya kuɗi, mun ɗauko baƙon da bai yi sallama ba, mun ajiye shi bisa gadon aurenmu, sannan muka rufe shi da fenti don kada mu tuna yana nan. Rediyon da ke kan tebur, in ka ga dama ka zare shi. Wanda ke cikin silin fa? Sau da yawa mai haɗawar ne ya san inda waya ta bi, lambar sirrin ma tana hannunsa. Wanda ya sayi gidan ko ya kama haya bayanka kuwa, bai ma san da zancen ba.

Saboda haka duk mai gini ya karɓi taswirar wayoyin a rubuce kafin ya biya cikon kuɗi, ya canza lambar sirri ranar tarewa, ya sa a yi masa makashi guda da hannunsa zai kai. Makirfo da kyamara kuwa, kada su wuce falo. Mai sayar da gida kuma ya faɗa wa mai saye abin da ya binne, domin ɓoye shi ha'inci ne.