Lahanin da Ke Ɓoye Bayan Hatsari: Wa Zai Biya Kuɗin Inji?

A ɗauki misalin magidancin da ya daki wata mota ta baya a shataletale. Bamba ta lotsa, fitila ɗaya ta fashe, Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Yana da cikakkiyar inshora, don haka jami'in kamfani ya zo ya zagaya motar, ya ɗauki hotuna, aka ƙiyasta kuɗin bamba da fitila da fenti. Aka miƙo masa takarda ya sa hannu, kuɗi suka shigo. Bayan kwana goma, yana tsakanin Kano da Zariya, allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe gaban mota. Bakanike ya buɗe ya ce lagireto ya tsage tun ranar karon, ruwa yana ta tsiyaya a hankali har gaskit ya ƙone.

Da ya koma kamfani, amsar da ya samu gajeruwa ce: wannan tsufan inji ne, ba ya cikin yarjejeniya.

Kamfanin yana da abin dogaro a rubuce, kuma ya kamata masu motoci su san shi. Cikakkiyar inshora tana biyan ɓarnar da hatsari ko gobara ko sata suka jawo, amma ta cire lalacewar da inji ko wayarin suka yi don kansu, da cinyewar da ke zuwa da yawan aiki. Akwai kuma sharaɗin da mutane ƙalilan ke karantawa: idan aka ci gaba da tuƙa mota kafin a yi mata gyaran da ya wajaba, ƙarin ɓarnar da ta biyo baya tana wuyan mai ita. Sai takardar sallama, wadda sa hannu a kanta ke nufin an karɓi kuɗin a matsayin biya na ƙarshe. Waɗannan ƙofofi uku ake rufewa a fuskar mai ƙorafi.

Amma rubutu dabam, adalci dabam. Wa ya duba motar ya ce ɓarnar a jiki kawai ta tsaya? Jami'in kamfani ne, wanda aikinsa ke nan kuma don shi ake biyansa. Lagireto yana nan daf da bayan bamba. Duk mai gyaran mota ya san karon gaba shi yake fara taɓawa, tare da fanka da tiyon ruwa. Haka motar da ta hau kan dutse ko ta faɗa kwalbati: kwanon baƙin mai ne ke shan dukan, man ya riƙa ɗiga, bayan mako inji ya buga. Idan ƙwararre bai buɗe bonet ba, bai sa an ɗaga mota an leƙa ƙarƙashinta ba, to da wane baki zai tuhumi malamin makaranta ko ɗan kasuwa da cewa ya yi sakaci? Wannan zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da sharuɗɗa.

Kuma kuɗin da ake karɓa ba kaɗan ba ne. Tun daga 1 ga Janairun 2023, bisa umarnin hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, cikakkiyar inshora ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. Mai motar naira miliyan 10 zai ajiye aƙalla naira 500,000 duk shekara. Wanda ya biya wannan ya cancanci a duba masa mota ciki da bai.

Umarnin ne kuma ya ɗaga inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motocin gida, iyakar diyyar dukiya ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan inshorar ce 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Ba ta gyara motar mai ita ko kaɗan, ta wanda aka buge take gyarawa. Shi ma wanda aka buge yana faɗawa ramin nan: a bakin titi jama'a su taru, a ce a yi haƙuri ƙaddara ce, ya karɓi kuɗin fitila ya yafe, daga baya ya tarar giya ta daina shiga.

Sai dai laifin ba a gefe ɗaya yake ba, kuma faɗin haka wajibi ne. Akwai mai motar da injinsa ya daɗe yana shan mai yana hayaƙi, da an ɗan goge shi sai ya ga dama ta samu. Ya ja bakanike gefe, a rubuta cewa karon ne ya kashe injin. Wannan shaidar zur ce, kuma cin dukiyar mutane ne, domin daga kuɗin da sauran masu motoci suka zuba ake biya. A tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda kamfanoni irin su Noor da Jaiz ke gudanarwa, abin ya fi fitowa fili, tunda asusun na mahalarta ne. Kowace takardar ƙarya tana ƙara wa kamfanoni hujjar zargin mai gaskiyar da zai zo gobe.

Abin da ke raba gardama shi ne shaida, kuma ƙarfe ba ya ɓoye tarihinsa. Sabuwar tsaga tana da haske, tsohuwa tana da tsatsa da dattin mai. Saboda haka mai mota ya ɗauki hoton ƙasan da motar ta tsaya ko akwai ɗigon ruwa ko mai, ya sa a ja ta maimakon ya tuƙa, ya adana rasiɗan juyen mai, kada ya bari a zubar da abin da aka cire. Ya sanar da kamfani a rubuce da zarar sabon lahani ya bayyana, ya nemi su ma su ba shi dalilin ƙin biya a rubuce. In sun toge, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kotu kuma tana nan.

Ga kamfanonin inshora kuwa, kira ɗaya ne: kada a miƙa wa kowa takardar sallama sai an buɗe bonet a gabansa, an ɗaga mota, an rubuta abin da aka gani. Ya kamata NAICOM ta mai da wannan dole.