Ra'ayinmu: Hannayen da ke Juya Farashin Man Fetur

Duk lokacin da farashi ya sauya a gidan mai, malamin firamare na cikin waɗanda ke fara ji a jikinsu, domin kuɗin mota da na acaɓa da na kwanon masara tare suke tashi. Ya dace mu san hannayen da ke juya wannan farashi, kada mu huce haushinmu a kan direba ko mai zuba mai, waɗanda su ma abin bai bar su ba.

Hannu na farko shi ne kasuwar ɗanyen mai ta duniya, inda ake cinikin ganga mai kimanin lita 159 da dalar Amurka. Ƙungiyar OPEC, wadda aka kafa a Bagadaza a 1960, Najeriya kuma ta shige ta a 1971, takan rage abin da ƙasashenta ke haƙowa domin farashi ya ɗaga. Annoba da yaƙi ma suna da tasu rawar. A 2020, da korona ta tsayar da jirage da masana'antu, farashin ya faɗi warwas. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, ganga ta haura dala 120.

Na biyu shi ne darajar naira. Kafin Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance ba ta wuce kimanin naira 460 ba. A 2024 ta haura naira 1,500. Ko da kuɗin ganga bai motsa ba a dala, a naira ya ninka fiye da sau uku.

Na uku, tacewa da dako. Shekaru da dama matatun Fatakwal da Warri da Kaduna ba su biya wa ƙasa buƙata ba, muna fitar da ɗanye muna sayo tatacce. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara sayar da fetur a Satumban 2024, amma ɗanyen da take tacewa da ma'aunin kasuwar duniya ake yi masa kuɗi. Tankar da ta taso daga Legas zuwa Kano ko Maiduguri kuwa dizal take sha, shi ya sa lita ta fi tsada a Arewa.

Na huɗu, manufar gwamnati. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin 500 cikin 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa.

Ba mu da iko da kasuwar duniya, amma muna da bakin magana a gida. Janye tallafin ya ƙara kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata, kuma idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Muna kira da a biya kowane malamin firamare bisa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ya zama doka a Yulin 2024, a ware alawus na sufuri ga masu koyarwa a ƙauyuka, a kuma duba nisan gida kafin a yi wa malami canjin wurin aiki. Ranar da kuɗin mota ya gagari malami, aji guda ne ke wuni babu darasi, kuma 'ya'yanmu ne a cikinsa.