Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba Don Windows Ta Tsufa

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Ita kuwa Windows 11 ba kowace na'ura take hawa ba, sai mai ɗauke da guntun tsaro na TPM 2.0. Da yawa daga kwamfutoci na hannu da ke shagunan buga takardu da makarantunmu ba su da shi. Abin da ke damuna shi ne, mai gyara zai ciro filashi daga aljihu, ya loda Windows 7 ta sata, na'ura ta kunna, kowa ya yi murna. Alhali da ita za a buɗe asusun banki! A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba. Ni dai shawarata, a kwashe takardu a adana, a ɗora Linux Mint ko Lubuntu a madadin Windows. Kyauta ne, ba su da nauyi, kuma har gobe ana turo musu gyaran tsaro. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet, mako ɗaya ya ishe shi sabawa.