Kumfa Kafin Aska

Duk ranar Juma'a da hantsi, rumfunan wanzaman Briqueterie cike suke, kowa na sauri kada salla ta wuce shi. A wannan sauri ne ake goga busasshen sabulu a gemu, aska ta biyo baya, washegari ƙuraje su feso.

Sabulun aski mai tauri jiƙo yake so. A ɗiga masa ruwan ɗumi, a bar shi minti 3. A jiƙa buroshi, a yarfe, a murza shi kan sabulun kamar rabin minti, sannan a riƙa ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Kumfa mai manyan idanu alamar ruwa ya yi yawa ce. Wadda ake nema mai kauri ce kamar kindirmo. In ta hau fuska, a ba ta minti 2 gashi ya yi laushi.

Ruwan zartsi ba ya kumfa, na sama kuwa ya fi kowanne, ga shi Allah ya hore mana shi a Yawunde. Sabulun wanki kuma busar da fata yake yi.

Kowa ya tafi da rezarsa, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.